Karatun kula da yara da iyali a jami'a: jari ne ko asarar kuɗin uba?

Ranar wata kasuwa ce, la'asar sakaliya, dillalai sun fara ƙirga abin da suka samu, motocin Najeriya suna ta lodi don su ƙetare kafin duhu, sai ga sarkin tasha ya shigo gidan rediyonmu riƙe da hannun wani yaro da bai fi shekara takwas ba. Ya ce tun hantsi ake ganinsa yana raɓe-raɓe bayan rumfar masu tuwo, ba wanda ya san shi, kuma ko an tambaye shi sunan garinsu sai ya sunkuyar da kai. Irin wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya yi aiki a rediyon karkara kusa da iyaka ya san cewa bayan sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, babu abin da ya kai cigiya yawa, ta akuya, ta katin ɗan ƙasa, ta yaro. Muka ba shi abinci, muka yi ta cigiya safe da yamma.

Bayan kwana biyu sai ga wani mutum da babbar riga, ya ce shi ƙanen uban yaron ne, ya faɗi sunansa daidai, har ya faɗi wani tabo da ke ƙafarsa. Ni kaina na riga na miƙe zan damƙa masa shi, don a ganina me kuma ake jira? Wadda ta tsayar da ni wata matashiya ce, ma'aikaciyar ofishin kare yara na garin, da muka kira tun ranar farko don cika ƙa'ida kawai. Na girme ta nesa ba kusa ba. Cikin ladabi ta ce, Malam a yi haƙuri a ba ta rabin awa da yaron, su biyu kaɗai. Ta shimfiɗa tabarma gindin bedi, ta zauna ƙasa daidai da shi, ba ta tsare shi da tambaya ba, sai ta ɗauki tsinke tana zana gida a ƙasa, ta ce ya nuna mata inda yake kwana da inda sauran mutanen gidan ke kwana. Kafin rabin awar ta cika ta gane cewa lalle mutumin danginsa ne, amma kuma daga hannunsa yaron ya gudo. Da ta keɓe ta ɗaga rigarsa, bayansa ya ƙarasa ba da labarin.

Na kwana biyu ina ciyar da yaron nan, yana kwana a zauren gidan rediyo, amma ban ga abin da ta gani cikin rabin awa ba. Da na tambaye ta inda ta koyi wannan dabara, sai ta ce ai shi ne karatun da ta yi shekara uku a jami'a, sashen ilimin tarbiyya, ta kuma ƙara da cewa mahaifinta, wanda fataken wake ne, har yau yana ganin kamar ya zuba kuɗinsa a rijiya ne, don shi lissafin kuɗi ya so ta karanta. Wannan magana ita ta sa na ga ya dace in kawo zancen a wannan shafi, tunda yawancinku masu karatu ƴan kasuwa ne, kuma kowace shekara in sakamakon bak ya fito, ku ne ake zuwa wa da takarda a ce Baba ga abin da nake son karantawa.

Me ake koyo a ciki?

Sunan karatun ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A nan Nijar za ka ji ana cewa lisans a ilimin tarbiyya, ko a ilimin halayyar ɗan'adam, ko a ilimin zamantakewa, ko kuma aikin jin daɗin jama'a, wato masu aikin da muka saba kira asistan sosiyal. A Najeriya kuwa yawancinsu suna ƙarƙashin tsangayar ilimi ne, akwai digirin ba da shawara da jagoranci, da na renon ƙananan yara kafin firamare, da na koyar da masu naƙasa, da na ilimin manya da raya karkara. Amma in ka zazzage buhun, hatsin kusan iri ɗaya ne.

Abu na farko shi ne sanin yadda yaro ke girma, jikinsa da hankalinsa. Wani zai ce wannan ai kowace uwa ta sani. Gaskiya ne ta san da yawa, amma ga misali guda da matashiyar nan ta ba ni wanda ya tsaya mini a rai. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya gwada zuba ruwa daidai wa daida cikin kofi biyu iri ɗaya a gaban ƙananan yara, sa'an nan ya juye na kofi ɗaya cikin wani dogo siriri, ya tambaye su wanne ya fi yawa. Yaran da ba su kai wajen shekara bakwai ba yawancinsu sai su ce na dogon ya fi, alhali a gaban idonsu aka juye. Wato hankalinsu bai riga ya kama cewa sauyin mazubi ba ya sauya yawan abu ba. To ɗan'uwa, kai da ka san tiya da mudu, ka auna wannan da ƴar shekara shida da ake ɗora wa farantin talla, a ce ta ƙirga canji cikin sefa da naira a kasuwar iyaka, in ta dawo da giɓi a kama ta da duka ana cewa ta ci ko ta yi sakaci. Sau da yawa ba ta ci komai ba, lissafin ne ya fi ƙarfin shekarunta. Wanda ya yi wannan karatu ya san haka, kuma ya san yadda zai faɗa wa uwar ba tare da ta ji an ci mata fuska ba.

Hakazalika ana koya musu muhimmancin kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, lokacin da in tamowa ta kama shi ta daɗe, illarta ga tsawonsa da ƙwaƙwalwarsa ba ta cika gyaruwa ba daga baya. Mu mutanen jihar Maraɗi ba sai an ba mu labari ba. A shekarar 2005 mun ga yadda cibiyoyin tamowa suka cika maƙil, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan cikin wannan shekara kaɗai. Abin da aka lura da shi tun wancan lokaci shi ne, likita na iya warkar da yaro cikin ƴan makonni, amma in ba a samu wanda zai bi uwar har gida ya ga abin da ke tukunya, ya ga ko an yaye yaron da gaggawa ne saboda sabon ciki, ya ga ko mijin ya tafi ci-rani ya bar ta ba komai, to bayan wata uku za ta dawo da shi yadda ta kawo shi farko. Wannan bin har gida shi ne aikin da muke magana a kai.

Abu na biyu shi ne sauraro, kuma ni da na shekara ashirin ina riƙe da makirfo ina tsammanin na iya shi, sai da na ga wadda ta fi ni. Ana koya musu kada su sa wa yaro amsa a baki, kada su tsaya a kansa suna magana daga sama, kada su yi masa alkawarin da ba za su iya cikawa ba, sa'an nan abin da aka faɗa musu a asirce ya zama amana, sai fa in rai ko lafiyar yaron na cikin haɗari. Ana koya musu yadda ake sulhu tsakanin miji da mata, ko tsakanin uwa da dangin uba a kan riƙon ɗiya bayan saki, da yadda ake rubuta kowane al'amari a fayil, ranarsa da wanda aka gana da shi da abin da aka yanke, don ko an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya san inda aka tsaya.

Sai kuma doka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijar ta rattaba mata hannu ta kuma tabbatar da ita a 1990, a shekarar da ita ma Afirka ta yi tata yarjejeniyar wadda ta soma aiki a 1999. A nan gida tun 1999 aka kafa alƙalan yara, an yi dokar yaƙi da fataucin mutane a 2010, sa'an nan a watan Disamba na 2017 aka fitar da dokar kare ɗiya mace da ke cikin karatu. A Najeriya dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito tun 2003, amma sai kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a can, kuma jihohin Arewa sun jima suna jan ƙafa, jihar Kano ma sai a 2023 ta yi. Ma'aikacin da ke aiki a bakin iyaka dole ya san ɓangarorin biyu, domin yaron da aka tsinta a Ɗan Isa yana iya zama ɗan Jibiya ne, wanda aka tsinta a Illela yana iya zama ɗan Ƙwanni.

Waɗanda suka bi layin masu naƙasa su kuma suna koyon maganar hannu ta kurame da rubutun makafi, wanda wani Bafaranshe makaho mai suna Louis Braille ya ƙirƙiro kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, da ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. A ƙarshe kowa sai ya yi sitaj a makaranta ko asibiti ko wani ofishi, ya kuma rubuta ɗan kundin bincike.

A ina, kuma shekara nawa?

Tun da ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD a 2007, lisans shekara uku ce bayan bak, masta shekara biyu a kai. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda asalinta ya faro a 1971, tana da sassan ilimin halayyar ɗan'adam da na zamantakewa, ga kuma babbar makarantar horar da malamai. A 2010 aka ɗaga Maraɗi da Damagaram da Tawa zuwa cikakkun jami'o'i, wanda ya rage wa iyaye da yawa nauyin tura ɗiya har Yamai. Ta Tawa tana da tsangayar ilimin tarbiyya, ta Damagaram ana karanta ilimin zamantakewa. Baya ga jami'o'i, makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, ENSP, ta daɗe tana yaye asistan sosiyal ɗin da kuke gani a asibitoci, ga kuma makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a manyan garuruwa. Wanda ya cika sharuɗɗa yana iya neman tallafin karatu a hukumar ANAB, ko da yake kowane uba ya san bursu ba ya zuwa kan lokaci, kada a gina lissafin cefane a kansa.

A Najeriya digiri shekara huɗu ne. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, sa'an nan a zauna jarrabawar JAMB. Wanda ya riga ya yi NCE, wato shekara uku a kwalejin horar da malamai, yana iya shiga kai tsaye daga aji biyu. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Umaru Musa Ƴar'aduwa ta Katsina duk suna da tsangayar ilimi, kuma Bayero da Jos sun yi suna wajen horar da malaman masu naƙasa. Tun da naira ta faɗi a 2023, mai riƙe da sefa yana ganin karatun can ya yi masa araha, kuma haka ne. To sai dai ɗan da ya yi lakwal da Faransanci sai ya ba Turanci lokacinsa, sa'an nan a tuna da yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2022 ya cinye wata takwas cur. Namu jami'o'in ma ba su tsira ba, mun sha ganin lisans ta shekara uku ta kai huɗu ko biyar saboda shekarun karatu sun hau kan juna.

Nan ne zan ja kunne. Ba kowace makaranta mai babban allo a bakin titi ce takardarta ke da daraja ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, abin da ya sa a watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah abin ya shafe su. Kai da ba ka sayen buhu sai ka soka masa bututu ka ga abin da ke ciki, kada ka biya kuɗin makaranta sai ka je ma'aikatar ilimi mai zurfi ka tambaya ko ta san da zamanta, ko kuma hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, ta amince da takardunta. In kuma a ƙetare ɗanka zai yi karatu, ka tambayi yadda ake daidaita takardar in ya dawo gida, tun kafin ya tafi.

Aikin yana ƙofar rumfarka

Wataƙila wani ya ce wannan duk al'amarin Turawa ne da furojojinsu. Ni kuwa ina ganin babu inda ake bukatar waɗannan mutane kamar garuruwanmu na iyaka. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18. Ko me ra'ayin mutum yake a kan wannan, ya san ƙarshensa ƙananan zawarawa ne masu goyo, da suke dawowa gidan iyaye ba sana'a ba karatu.

Mutanen Kance da Matamai ba za su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Bara za su, kuma an san cewa a irin wannan tafiya ba dukan yaran ba ne ke tare da uwayensu, akwai waɗanda aro aka yi daga dangi da maƙwabta da alkawarin za a aiko da wani abu. A watan Maris na 2022 gwamnati ta sake aika jirage har Dakar ta kwaso ƴan Nijar sama da dubu da ke bara a titunan can, yawancinsu mata da yara. Kwaso su da jirgi abu ne mai sauƙi in akwai kuɗi. Mai wuyar shi ne bayan an sauke su, wa zai gano uwar kowane yaro, wa zai zauna da mai gari da iyaye, wa zai sa yaron lakwal ya kuma koma bayan wata shida ya ga ko yana nan ko an sake tafiya da shi?

Daga 2019 kuma rikicin ƴan bindiga ya koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Cadakori. Akwai yaran da suka ga an kashe iyayensu a gabansu. Irin wannan yaro za ka gan shi ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya girma, ko ya riƙa firgita da ƙarar babur, mutanen gida su ce iska ce ko taurin kai. A yi masa addu'a, wannan ba mai musu, amma kuma yana bukatar wanda ya san ciwon da sunansa. Haka batun almajirai, da muka ga yadda gwamnonin Arewacin Najeriya suka yi ta mayar da su jihohinsu cikin manyan motoci a 2020 lokacin korona, har daga baya a 2023 aka kafa musu hukuma ta musamman tare da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kowace irin wannan hukuma, in da gaske ake, ma'aikata take nema masu jin Hausa da sanin takan aiki.

Zancen riba

Yanzu mu zo inda Alhaji ke jira. Gaskiya ɗaya ce, wannan karatu ba ya kawo kuɗi kamar aikin duwan ko kantin magani. Ƙofofin aikinsa su ne koyarwa, da ofisoshin kare yara na gwamnati, da asibitoci da cibiyoyin tamowa, da kotun yara da gidajen kaso, da makarantun kurame da makafi irin na Yamai da na Tudun Maliki a Kano, sai ƙungiyoyin agaji. Aikin gwamnati sai an buɗe gasa, kuma ana iya shekaru ana jira, da yawa suna farawa ne da bautar ƙasa ko kwantaragi mai ɗan albashi. Ƙungiyoyin agaji su ne suka fi biya, shi ya sa shekarun baya matasa suka yi ta tururuwa can. Amma wannan rumfa ce ta haya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye, hukumomi sun dakatar da wasu ƙungiyoyin ƙetare, sa'an nan a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, furojoji da dama suka tsaya cak, mutanen da suka saba da albashi mai kauri suka wayi gari a gida. Duk wanda ya ce maka ɗanka na gamawa farar mota na jiransa, to ya mayar da kai baƙon kasuwa.

A ɗaya gefen kuma sana'ar tana samun gindin zama. A 2022 Najeriya ta yi dokokin kafa majalisar masu aikin jin daɗin jama'a da ta masu ba da shawara, kamar yadda malaman makaranta ke da tasu hukumar rajista tun 1993, wato ana son a daina ɗaukar aikin a matsayin na duk wanda ya ga dama. A nan gida kuwa, tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ɗan da ya haɗa takarda da Hausa mai kyau, ga Faransanci ga ɗan Turanci, ba ƙaramin kaya ne a hannunsa ba. Sa'an nan akwai ƙofar da ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa, wato mutum ya kafa nasa. Garuruwanmu cike suke da mata ma'aikata da ƴan kasuwa da ba su da inda za su bar ƙananan ɗiyansu, kuma makarantar renon yara mai izinin hukuma, wadda mai ita ta san aikinta, ba ta rasa masu kawo ɗiya. Jarinta ɗaki biyu ne da inuwa da ruwa mai tsabta da makewayi.

Kuma ga wanda ke ɗari-ɗari da karatun ɗiya mace, wannan fanni ne da mace ta fi namiji shiga. Gidan da ni ba zan wuce zaure ba, ita har ƙuryar ɗaki za ta, kuma abin da matar aure ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da likita ne, za ta faɗa mata.

Inda nake da ja

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ke damuna game da wasu da suka fito daga wannan karatu. Yawancin littattafan da suke karantawa an rubuta su ne a ƙasashen da gida yake nufin miji da mata da ɗiya biyu. Mu kuwa gidanmu gandu ne, akwai kishiyoyi, akwai kaka, akwai ɗan riƙo da agola da almajirin gida da yaron shago. Na sha zama a taron faɗakarwa inda wani saurayi da takarda a hannu zai miƙe gaban dattawa yana jero sharuɗɗan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, rabi Hausa rabi Faransanci, yana kiran duk wani aikin da yaro ke yi bauta. Dattawa su yi shiru har ya gama, su karɓi kuɗin mota, su koma su ci gaba da abin da suke yi. Yawancin manyan ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi a yaron shago suka fara, suna share rumfa suna ɗaukar kaya, a nan suka koyi awo da ciniki da riƙon amana. Wanda bai iya bambanta wannan da yaron da aka hana barci da karatu ana dakon buhu da shi ba, to bai gama karatunsa ba, ko da takardarsa ta cika bango.

Kafin a yi jami'a muna da masu wannan aiki. Gwaggo ce ke bikon matar da ta yi yaji, liman da mai unguwa ke raba gardamar riƙo, ungozoma ta san gidan da jinjiri ba ya samun nono, sarkin tasha ya san yaron da ba ɗan garin ba ne. Abin da ya sauya shi ne garuruwa sun girma, mutane sun zama baƙin juna, yaro na iya hawa mota a Magarya da safe ya kwana Kano, gwaggo kuwa ikonta bai wuce danginta ba. Ƙwararren da na ga yana cin nasara shi ne wanda ke fara gaida waɗannan mutane, ya nemi su shige gaba, shi ya riƙe fayil da lambar wayar alƙali da ta takwaransa na ƙetaren iyaka. Don haka in ɗanka ya nuna sha'awa, ka dube shi da kyau tukuna. In mai haƙuri ne, mai iya riƙe sirri, wanda ƙannensa ke gudu wurinsa in sun yi laifi, to ka sa masa albarka ka biya. In kuwa don bai samu gurbin likita ko lauya ba ne ya ce bari ya laɓe a nan, gara ka ba shi jari ya zauna kusa da kai, domin aikin nan yana da kukan mutane da yawa, albashinsa kuma kaɗan ne.

Shi yaron da na fara ba ku labari, ba a ba mutumin nan shi ba. Matashiyar ta sanar da alƙalin yara, aka ajiye shi wurin wata dattijuwa da ofishinsu ke aiki da ita. Bai san sunan jiharsu ba, amma ya san ranar da kasuwar garinsu ke ci, ya san akwai dam kusa, ya kuma san laƙabin mai garinsu. Da waɗannan abubuwa uku, da taimakon direbobin tasha da suka san kowane lungu, cikin kwana goma sha ɗaya aka gano uwarsa a wani ƙauye ƙetaren iyaka. Ashe tun rasuwar mijinta dangin uba suka karɓe shi, ita kuma ana ce mata yana karatun allo. Sarkin tasha da kansa ya biya mata kuɗin mota ta zo, kuma sai da aka yi zama biyu da dangin uban gaban mai garinsu kafin aka rubuta takarda ta tafi da ɗanta.

Ita kuwa ma'aikaciyar, furojen da ke biyan albashinta ya rufe a 2025. Da na je neman ta don wannan rubutu, na same ta a tsohon sito na mahaifinta, an kwashe buhunan wake an shafe bango da farar ƙasa, ga ƙananan yara zaune kan tabarmi suna ƙirga da ƙwallon dabino, yawancinsu ɗiyan matan da ke sayar da abinci a tasha ne. Kuɗin wata take karɓa, ranar kasuwa kuma tana karɓar na yini. Takardar izininta na hannun hukuma tana jiran sa hannu. Mahaifin nata na zaune a ƙofa bisa kujerar roba, shi ke riƙe da littafin kuɗin, kuma da na tambaye shi ko jarin ya fara dawowa, sai ya buɗe littafin ya nuna mini shafin waɗanda ba su biya na watan jiya ba.